Sakamakon Wanda Aka Sallama

Ƙaramin allon lantarkin da muka zana ya dawo daga masana'anta. Ana jona masa wuta, ya ƙone.

"Ba kin ce ya ci gwajin kwamfuta ba?" in ji manaja.

Na buɗe manhajar da ke kwaso mana sakamakon gwaji. Ashe tun lokacin sanyi ba ta leƙa aikinmu ba. Ma'ajiyar fayilolin wani injiniya da aka sallama take karantawa. Shi ya rubuta ta, ba wanda ya canza adireshin.

"Ya ci," na ce. "Zanensa ne ya ci, wanda kuka yi watsi da shi."

Gahawata ta huce. A allo, koren hasken yana nan, yana cewa komai lafiya.