Sallamar Malam Gidaɗo

"Sake ɗauka," in ji tsohon. Karo na bakwai ke nan.

Ukasha ya haɗiye tsaki, ya sake ɗaga wayar don naɗar muryar tsohon. Shi ɗalibi ne a Alƙahira. Jiya wani abokinsa ya roƙe shi ya raka baƙo daga Najeriya zuwa asibiti a unguwar Mohandessin, ya yi masa tafinta. Ƙarfe tara ake jiran su. Ga shi tara saura kwata suna zaune a ɗakin haya a unguwar Faisal, tsoho yana sharhin wasan da babu wanda ke bugawa.

Shekara talatin Malam Gidaɗo ya yi yana sharhin kurket a rediyo, wasan da Ukasha bai taɓa ko kallo ba. Ya gyara rawanin da ya naɗe wuyansa da shi, ya runtse ido.

"Ga ƙwallo ta taho... ya zabga mata sanda! Ta tashi, ta haye fili! Maki shida!"

Muryar ta dushe a ƙarshe. Wata ƙaramar bas ta danna hon a ƙasa.

"Sake."

"Baba, yalla, mu tafi don Allah. Ina da darasi ƙarfe sha ɗaya. In mun dawo ma yi ko sau ɗari ne."

"Yanzu dai, ɗana."

Ukasha ya miƙa masa shayi ko maƙoshin zai buɗe. Tsohon ya ture kofin. Ko kumallo bai karya ba.

A karo na tara muryar ta fita tas. Tsohon ya numfasa, ya matso kusa da wayar.

"Masu sauraro, 'yan wasa sun ajiye sanduna. Wanda bakin nan ya taɓa saɓa wa, ya yafe mini. Gidaɗo ke cewa ku huta lafiya." Ya buɗe ido. "Khalas, shi ke nan. Tura wa 'yata Rukayya."

Cunkoso ya riƙe su minti arba'in. Sau biyu tsohon ya ɗauko hira a cikin tasi, Ukasha ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, yana ƙirga darasin da zai kuɓuce masa.

A asibiti ma'aikaciya ta miƙo takarda, ta ce ya fassara wa mara lafiya kafin ya sa hannu. Ukasha ya fizge ta, ya fara karantawa da sauri, sai bakinsa ya tsaya a layi na biyu: yau za a cire maƙogwaron da ciwon daji ya cinye, kuma daga wannan aiki mara lafiya ba zai sake magana da muryarsa ba.