Gaɓa Goma a Yatsuna

Ina 'yar shekara tara, wata la'asar a gidanmu na Malali, Baba ya miƙo mini tsohon littafinsa na waƙoƙin Ingila na ƙarni na sha takwas, yana ta ƙanshin turaren wuta. Lokacin idanunsa sun dushe, har ya bar koyarwa.

"Karanta mini, uwata."

Na kama karatu da gudu. Ya riƙe hannuna, yana ƙirga gaɓa goma a yatsuna.

"A hankali. Biyu-biyu layukan suke tafiya, na biyu yana amsa wa na farko."

Na sake. Ya lumshe ido, leɓunansa suna riga ni kaiwa ƙarshen kowane layi. Ashe duk ya haddace su. Sai da na girma na gane muryata kawai yake son ji.