Masara a Bakin Layin Dogo

Shugaban leburori ya kafa turaku a tsakiyar masarar tsohon mai ba jirgi hannu.

Tun da jirgi ya daina zuwa, gari ya bushe. Mai shayi ya tashi, mahauta suka bi shi, 'ya'yan tsohon ma suka tafi birni. Shi kuwa yana nan, yana noma bakin layi duk damina. Ko akuya ba ta isa ta raɓi gonar ba.

Mutane suka taru, suna jiran rigima.

"Baba, gyaran layi za mu yi, jirgi zai dawo," in ji shugaban, murya ƙasa-ƙasa. "Amma masararka ta kusa nuna. Za mu jira ka girbe."

Matar tsohon ta matso. "Maigida, ka karɓa mana. Ita ce abincinmu bana."

Tsohon ya dubi tashar da jemagu suka gaje. Ya sunkuya, ya tuge kara mafi tsayi, ya jefar gefe.

"Jirgi bai taɓa makara saboda ni ba," ya ce. "Ban yarda ku jira ba."