Wainar da Na Ƙi Ci

Mahaifina ya shekara goma sha biyu yana suya a bakin teku a Ikko. Da ya dawo Kano, sai ya kafa tebur a gindin Goron Dutse, yana soya wainar ƙwai da busasshen jatan lande, abin da mutanen unguwarmu ba su taɓa kaiwa baki ba. Kwana shida babu wanda ya taya.

A rana ta bakwai, bayan la'asar, na biyo ta wurin da abokaina. Mutane sun taru suna kallo, wani mai gyaran keke yana cewa, "Haba Malam Habu, kyankyason ruwa za ka ciyar da mu?"

Baba ya hango ni, fuskarsa ta washe. Ya ɗebo waina a takarda, tana tururi, tana ƙamshin man gyaɗa da albasa.

"Zo, Babana. Ci su gani."

Na dubi abokaina suna danne dariya. Na ce, "Ni ba na cin ƙwari, Baba."

Wuri ya kece da dariya. Bai tsawata mini ba. Ya cinye wainar a tsaye, idonsa a ƙasa, sannan ya zuba wa garwashin ruwa. Bai sake hura shi ba.

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa shekarata goma ce kawai. Yanzu da na kai hamsin, uzurin ya daina kama ni. A wancan lokacin, wainar nan ita nake ci a gida kowace safiya, har in nemi ƙari, kuma Baba ne yake ƙara mini.