Tuwon Suna Ya Cushe a Lungu

Tanimu, ka ce tunda ramewa kake yi, gara ka ajiye allurar da likita ya rubuta maka, ka ƙara malmalar tuwo biyu a kan abin da kake ci kullum. Shekara talatin na yi ina aikin jinya, kuma ni yayarka ce, ba zan ga kana shirin yi wa kanka sakiyar da ba ruwa in yi shiru ba. Gyara zama in ba ka misali.

Wani maɗinki ne ya daɗe a birni, ya dawo garinsu, Allah ya ba shi haihuwa bayan shekara goma sha biyu. Don murna ya aika gida gida cewa ranar suna kada wadda ta ɗora tukunya a unguwar, shi zai ciyar. A garin akwai wata tsohuwa 'yar firit mai surutun tsiya, ita ke shiga gaban masu rabon tuwo a kowane taro. Maɗinki ya dube ta sama da ƙasa, ya ce wannan ko akushi ba za ta iya ɗagawa ba, sai dai cin goro. Ya sallame ta, ya ɗebo ƙarti goma daga tasha, kowa da tire a ka. Gogan naka ya manta damina ce. Maza da yara duk suna gona, mata ne kaɗai a gida, baƙon namiji kuwa ba ya wuce zaure. Ƙartin nan suka yi ta rafka sallama, babu wadda ta leƙo. Da aka gaya masa har yanzu ba wanda ya ci, sai ya ce to a ƙaro tuwo! Aka ƙaro. Lungu ya cushe, tire na gogar tire, miya na tsiyaya cikin kwata, awaki da ƙudaje suka samu nasu bikin. A bayan katanga kuwa matan da ba su hura wuta ba tun safe sai hamma suke yi, ga ƙamshi na shigo musu.

Azahar ta yi, tuwo ya fara sandarewa, maɗinki ya ga sunan ɗansa zai zama abin dariya har jikoki. Ya tafi da ƙafarsa ya durƙusa gaban tsohuwa. Ta ja masa rai har ta gama tauna goronta, sannan ta yafa gyale. Ko ludayi ba ta ɗauka ba. Gida gida take kutsawa tana cewa, “Salamu alaikum, ku fito da kwanukanku, tuwon jariri ya iso!” Jin muryar da suka sani, mata suka yi ta miƙo kwanuka ta ƙofar zaure. Kafin la'asar lungu ya yi fayau, ba ka jin komai sai guɗa da sa wa jariri albarka.

To, lungun nan jininka ne, tuwon shi ne sukarin da abinci ke komawa, gidajen kuma naman jikinka. Tsohuwar sunanta insulin, wani ɗan ruwa ne da wata 'yar tsoka a bayan tumbinka ke fitarwa. In bai yi sallama ba, naman jiki ba ya buɗe wa sukari ƙofa, sai ya taru a jini ya bi fitsari ya fice, kai kuma kana ci kana ramewa. Taka tsohuwar ta gaji, allurar nan ita ce ƙanwarta da aka aiko. Wallahi ramar nan taka tana damuna, amma ba ta fi ƙarfin magani ba. Daina ɓata fuska, ɗage rigarka in nuna maka yadda ake yi. Hausawa sun riga sun gama magana: da ɗan gari akan ci gari.