Wanda Zai Sa Hannu

Tun hantsi Malam H. Abarshi yake zaune a barandar asibiti a Birnin Gwari, yana yi wa tsofaffi rajistar sabuwar inshorar lafiya. Dokar a fili take: duk wanda ya kai sittin da biyar a ba shi kati, ya ga likita, ya karɓi magani kyauta. Wanda bai kai ba kuwa ya nufi kyamis, ya ji inda farashi ya kai.

Aikin ya dace da mutumin, ga rubutu mai kyau, ga gemu baƙi wuluk kamar na ango, duk Juma'a sai ya sha rini. Fayil ɗinsa ya ce shekarunsa hamsin da bakwai, saura uku ya yi ritaya ya fara cin fansho. A bayansa kuma Madam Praise ce tsaye, jami'ar da aka turo daga Kaduna. Matar nan ba ta da wasa, ko a watan jiya ma'aikata biyu ta sa aka kora saboda rage shekaru.

Sai layi ya kawo wani tsoho yana jan ƙafa. An naɗe ta da tsumma, ƙudaje na bin ta, ciwon suga ya ci ta har idon sawu. Abarshi ya ɗaga kai sau ɗaya ya sunkuyar. Tun kafin a tambayi tsohon garinsu, biro ya riga ya rubuta Kakangi.

Madam ta ce, "Baba, sunanka da shekarunka?"

"Husaini. Sittin da takwas."

"Ina takarda?"

Ina fa takarda! Ta ƙone tare da ɗaki da rumbu, ranar da 'yan bindiga suka fito daga daji. Mutanen unguwarsu kuwa sun watse, wasu Kaduna, wasu Neja, wasu ƙasa ta rufe musu ido.

"To, akwai hanya," in ji Madam. "A samo wanda ya san haihuwarka ya sa hannu, ya rubuta yadda kuke da shi. Amma ka sani, yau ake rufe rajista. Akwai wanda ya san ka a nan?"

Wallahi sa hannun nan bai fi numfashi biyu ba. Ga fom a gaban Abarshi, ga biro a hannu. In babu katin nan, ƙafar ba za ta ga damina ba, ya sani sarai. Ya buɗe baki, sai ya ji numfashin Madam a ƙeyarsa, ya tuna da fansho, ya mayar da bakin ya rufe.

Tsohon ya bi barandar da kallo, idonsa ya wuce ta kan Abarshi kamar yadda ya wuce ta kan tebur.

"Babu kowa, 'yata. Ban san kowa a nan ba." Sannan ya ɗan rusuna ya ce wa Abarshi, "Sannu da aiki, yaro."

Kai, da ma zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi.

Tsohon ya lalubo goro a aljihu, ya ɓara biyu, ya ajiye ɓari guda a gefen fom, ya juya yana jan ƙafarsa ya nufi ƙofa.

"Na gaba!" in ji Madam.

Abarshi ya kasa ɗaga kai. Kunya ta rufe shi har ya ji ina ma ƙasa ta tsage. Ya zuba wa ɓarin goron ido. Haka Inna ta koya musu tun suna rarrafe, ba a ba ɗaya abu a hana ɗaya.

Malam Hassan Abarshi ya san shekarun tsohon nan har da ranar, domin shi ne ya riga shi fitowa daga cikin uwarsu da minti goma.