Mai Gita a Ɗakin Uwais

Na taka ɗan akwatin da mijina Uwais ke haɗawa da gitarsa, na murɗa maɓallinsa kaɗan. Na kaɗa gitar, sautin ya fito da laushi. Haka nake yi a ɓoye duk ranar da ya tafi Mairuwa, da abin saurare a kunne. Ban san ya bar wayar akwatin haɗe da lasifikar tsakar gida ba.

Sai na ji muryar surukina, Baba Gide, a bakin ƙofa.

"Uwais, yau kam ka yi kiɗan mutane, ba irin na injin niƙa ba. Fito, Alhaji Mani na son ka a bikin ɗansa."

Ni da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, ta ina zan amsa?

Sai ga sallamar Uwais daga zaure.

Muryar Baba ta sauya. "To wane namiji ne a ɗakin matarka?"

Na ɗaga labule, gita a wuya, mayafi a fuska, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya daɗe yana dubana.

"Uwais," ya ce, "ranar bikin, kai za ka ɗauko mata lasifika."